Rufin Asirin Wa Muke Yi? Kira a Tsananta Hukuncin Fyaɗe da Fataucin Mutane

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ya kamata kowane mai hankali a ƙasar nan ya yi wa kansa, ita ce: tsakanin dukiyar mutum da shi mutumin kansa, wanne ya fi daraja? Na san da wuya a sami wanda zai yi jinkirin ba da amsa. To, amma dokokin Nijeriya sun riga sun ba da tasu amsar, ga ta kuwa a rubuce. A ƙarƙashin dokar fashi ta 1984, duk wanda ya tare mutum ya ƙwace masa kaya da ƙarfi, mafi ƙarancin abin da zai samu shi ne ɗaurin shekara 21, in kuwa da makami a hannunsa, to hukuncinsa kisa ne. Amma a ƙarƙashin dokar hana fataucin mutane ta 2015, wanda ya yaudari mutum ko ya tilasta shi, ya ɗauke shi daga garinsu ya kai shi inda za a ci da guminsa, alƙali yana iya sallamarsa da ɗaurin shekara 2 da tarar Naira 250,000. Akwai wasu sassan dokar da suka ɗan ɗara haka, kamar na wanda ya jefa ƙaramar yarinya cikin karuwanci, inda mafi ƙarancin hukuncin yake shekara 7 da tarar Naira miliyan ɗaya. To, ko wannan ɗin ma sulusin na ɗan fashi ne. Watau dai a ma'aunin dokarmu, wayar mutum da babur ɗinsa sun fi 'yarsa nauyi.

Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in nuna cewa wajibi ne a tsananta hukuncin masu fataucin mutane da masu fyaɗe, sa'an nan in nuna irin tsanantawar da za ta yi amfani, domin akwai wadda shugabanni ke yi don a ji su a rediyo kurum, talaka kuwa bai ga komai a ƙasa ba.

Malaman tarihi sun karantar da mu cewa a 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar hana kamen bayi da cinikinsu, a 1936 kuma aka soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya. Mai karanta wannan sai ya zaci an wuce wurin, alhali kuwa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙidaya mata 'yan Nijeriya 1,454 da suka sauka a gaɓar Italiya ta cikin teku a 2014. A 2016 adadin ya kai 11,009, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa kashi 80 cikin ɗari daga cikinsu masu fatauci ne suka kawo su domin karuwanci. Ana yi wa yarinya alkawarin aikin kitso ko tsaron kanti, a kai ta wurin boka ta yi rantsuwa, in ta sauka sai a ce mata ana binta bashin Yuro dubu 30 ko fiye, da jikinta kuma za ta biya. A watan Nuwamba na 2017 aka sauke gawar 'yan matan Nijeriya 26 a tashar jirgin ruwa ta Salerno. A cikin wannan watan dai gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya yadda ake gwanjon baƙar fata a Libiya, kowane mutum a kan Dala 400. A farkon 2019 kuma hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da wannan ɗanyen ciniki, ta ce ta ƙiyasta akwai 'yan matan Nijeriya wajen 20,000 da ake tilasta wa karuwanci a ƙasar Mali.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce ai wannan al'amarin mutanen Binin ne, mu a Arewa ba ruwanmu. To, a zo mu duba gida. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, akasarinsu mata ne da ƙananan yara, da yawansu kuma daga yankin Kance na ƙasar Damagaram suka fito. Motocinsu ne suka lalace a kan hanyar Aljeriya, inda aka saba kai mata da yara bara, ƙishirwa ta kashe su. Waɗannan harshenmu ɗaya da su. A 1996, a ƙasar Nijar ɗin dai, aka sayar da Hadizatu Mani tana da shekara 12 a kan Sefa 240,000, a ƙarƙashin mugunyar al'adar nan ta wahaya, sai a 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kāre ta, ta ce a biya ta diyyar Sefa miliyan 10. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka nuna wa jama'a yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka sayar a Anacha, an ma sake musu suna. Wa kuma bai san labarin dillalan Kano-Jidda ba, masu fakewa da aikin Umara su kai mata aikatau ƙasar Saudiyya, a ƙwace musu fasfo da zarar sun sauka?

Kai, ba sai mun je ko'ina ba. Da yawa daga cikinmu masu karanta wannan mujalla a gidajenmu akwai 'yar aiki, wadda wata dillaliya ta kawo daga ƙauye tana da shekara tara ko goma. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, ba boko ba allo, ƙarshen wata kuma dillaliya ce ke zuwa karɓar kuɗin. Dokar 2015 ta ce ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne, hukuncinsa ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Gida nawa ne a unguwannin manyan ma'aikata wannan doka ta taɓa shiga? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: masu sayen wannan kaya su ne masu ilmi da masu albashi, watau iyayenmu da yayyenmu, gobe kuma mu.

Shi fyaɗe kuwa abin ya fi ƙarfin a kira shi tsautsayi. Binciken da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an taɓa yin lalata da su ko an yi yunƙurin yi kafin su kai shekara 18. Ku ajiye wannan a gefe guda. A watan Yuni na 2020 Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Mohammed Adamu, ya ce daga Janairu zuwa Mayu na wannan shekarar an kai musu ƙarar fyaɗe 717 a duk faɗin ƙasar. Ƙasa mai mutum wajen miliyan 200, ƙara 717 a wata biyar! Ba sai ɗalibin lissafi ba, kowa ya haɗa alƙaluman nan biyu ya san cewa mafi yawan abin da ke faruwa a cikin ɗaki yake mutuwa. A shekarar ce aka yi wa wata ɗalibar Jami'ar Binin fyaɗe da dukan da ya zama ajalinta a cikin coci, inda ta je karatu. A shekarar ce aka kama mutum 11 a Dutse bisa zargin lalata da yarinya 'yar shekara 12, aka kuma kama wani a Kwanar Ɗangora bisa zargin ya yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda. Tun kafin nan, a 2016, ƙungiyar Human Rights Watch ta kawo bayanin mata da 'yan mata 43 a sansanonin 'yan gudun hijira bakwai na Maiduguri, waɗanda suka ce jami'an da aka ɗora wa amanar tsaronsu ne suka yi lalata da su. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Yanzu bari mu duba makaman da aka ba alƙalai. Kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, an kwaikwayo shi ne daga na ƙasar Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 282 na kundin bai san wani fyaɗe ba sai wanda namiji ya yi wa mace ta hanya guda, saboda haka yaron da aka lalata ba ya cikin lissafinsa. A kundin laifuffuka na Kudu kuwa, sashe na 218 ya ce wanda ya lalata yarinyar da ba ta kai shekara 13 ba, tilas a fara shari'arsa cikin wata biyu. In mugu ya iya ɓuya na kwana sittin da ɗaya, ko ya sami ɗan sandan da zai ɓatar da takarda, shi ke nan ya sha. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, ita kuwa ta gyara abubuwa da dama. Ta shigar da maza cikin waɗanda ake iya yi wa fyaɗe, ta sa ɗaurin rai da rai, ta ce baligin da aka samu da laifin kada hukuncinsa ya gaza shekara 12 ba zaɓin tara, masu taron dangi kuma kada ya gaza shekara 20. Sai dai a Abuja kaɗai ta fara aiki, kowace jiha sai ta ga dama ta ɗauka, jihohi da yawa kuma ba su motsa ba sai bayan hayaniyar 2020, lokacin da gwamnoni suka taru suka ce sun kafa dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Ihu bayan hari ke nan.

Ita ma tarar da ke cikin dokar fatauci, zamani ya cinye ta. A 2015 Dala ɗaya ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba, watau Naira 250,000 ta haura Dala 1,200. A 2024 Dala ta wuce Naira 1,500, tarar ba ta kai Dala 170 ba. Matar da ke tatsar Yuro dubu 30 daga jikin yarinya guda, ita za a tsorata da Dala 170? Wannan ai kuɗin lasin ne, ba horo ba.

Duk lokacin da aka ta da wannan magana, akwai mutane kashi huɗu da ke miƙewa su tare hanya, kuma ya kamata a ba kowannensu amsarsa. Na farko su ne masu cewa a rufa asiri. Da zarar abin ya faru sai dattawan unguwa su taru a zauren mai unguwa, a kira uban yarinya a ba shi haƙuri, a ce in maganar ta fita 'yarka ba za ta auru ba, a damƙa masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ce kuɗin magani ne. Ina tambayar waɗannan dattawa, cikin ladabi: asirin wa kuka rufa? Yarinyar dai duk unguwa an riga an san abin da ya same ta, ana nuna ta da baki a bakin rijiya. Wanda aka rufa wa asiri shi ne mai laifin, wanda gobe zai fito ya shiga sahun gaba a masallaci, jibi kuma ya nemi 'yar wani. Mutumin Kwanar Ɗangora da ake zargi da mata 40, da a kan ta farko aka tsaya aka yi tsayin daka, da sauran 39 ba su shiga wannan lissafi ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Na biyu su ne masu cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, watau shigar mata ce ke jawo musu. Wace shiga 'yar shekara 12 ta yi? Wace kwalliya 'yar gudun hijira ta yi, wadda ta bi layi tana neman mudun hatsi? Yaron nan ɗaya cikin goma fa, shi wane gyale ya yar? Ba mu taɓa jin alƙalin da ya saki ɓarawo don mai kanti ya baje kayansa da kyau ba. Mai wannan magana, ko ya sani ko bai sani ba, lauyan mai laifi ne wanda ba a biya ba.

Na uku su ne wasu 'yan'uwanmu masu ra'ayin ci gaba, waɗanda ke cewa talauci ne tushen abin, saboda haka a bar zancen kurkuku a gyara tattalin arziki tukuna. Gaskiya ne talauci ke sa uwa ta miƙa 'yarta ga dillaliya, kuma duk gwamnatin da ta bar ƙauye ba makaranta ba asibiti tana da kaso cikin alhakin. Amma a lura, talaucin na wadda aka sayar ne. Mai sayarwa yana da kuɗin yin fasfo da biza, yana da na sayen tikitin jirgi da na toshe bakin jami'in kan iyaka. Wannan shi ne ɗan jari-hujja na ƙarshe, wanda jarinsa naman mutum ne. Wanda duk ya ce yana tare da talakawa, sa'an nan ya nemi sassauci ga mai sayar da 'ya'yan talakawa, to ya sake karatu. Kuma ba za mu ce wa yarinyar da ke Mali ta jira sai ranar da aka gyara tattalin arziki ba.

Na huɗu su ne masu cewa waɗannan dokoki na Turawa ne, an kawo su ne don a ɓata mana al'ada da addini. Abin mamaki, kundin da suke kārewa shi ne ainihin wanda Turawan mulkin mallaka suka rubuta. Addini kuwa ba ya tare da su. A cikin Suratun Nur an hana tilasta wa 'yan mata karuwanci don neman abin duniya. A cikin Sahihul Bukhari an ambaci wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin cikin mutum ukun da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. A mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi, babu haddi a kan wadda aka tilasta, kuma wanda ya tilasta ta sai ya biya ta sadaki bayan hukuncinsa. Alƙali Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya tafi a kan cewa tare hanya don keta mutuncin mace ya fi tare hanya don dukiya muni. Abin da ya kamata masu kishin shari'a su ji kunyarsa shi ne irin abin da ya faru a Zamfara a watan Janairu na 2001, inda aka yi wa wata yarinya bulala ɗari saboda ta yi ciki, alhali ta ce tilasta ta aka yi, mazan da ta ambata kuwa suka tafi abinsu don ba ta kawo shaidu ba. Muddin ana auna fyaɗe da ma'aunin zina, to wadda ta kai ƙara ita ce ke cikin haɗari. Wajibi ne jihohin da ke aiki da kundin shari'a su raba laifuffukan nan biyu, su karɓi shaidar likita da sauran alamomi.

To, amma kada wani ya ɗauka duk abin da aka kira tsanani ni ina maraba da shi. A watan Satumba na 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar Jihar Kaduna, wadda ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe, da dandaƙa da ɗaurin rai da rai in wanda aka yi wa ya haura haka. Jama'a suka yi ta tafi, kuma na fahimci fushin da ya jawo tafin. Amma mu yi tunani. Mafi yawan masu lalata yara ba baƙi ne ba, maƙwabci ne, ko kawu, ko malami, ko mai shagon bakin layi. Uwar da ke jin nauyin kai ƙanen mijinta ga hukuma a kan ɗauri, ranar da ta san kashe shi za a yi, ai sai ta ƙara jan bakinta ta tsuke. Mugun da ya san hukuncin fyaɗe da na kisan kai ɗaya ne, me zai hana shi kashe yarinyar don kada a sami mai ba da shaida? Bugu da ƙari, a 2023 akwai fursunoni fiye da 3,000 a gidajen yarin ƙasar nan da ke jiran a zartar musu da hukuncin kisa, domin da wuya gwamna ya sa hannu. In kuma aka yi kuskure aka dandaƙe marar laifi, wanda galibi talaka ne da ba shi da kuɗin lauya, wa zai mayar masa?

Mutanen Indiya sun bi wannan hanya kafin mu. Bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba cikin motar bas a birnin Delhi a watan Disamba na 2012, gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Babban Jojin ƙasar, Mai Shari'a Verma. Duk da jama'a na kan titi suna neman a rataye, kwamitin bai ba da shawarar kisa ko dandaƙa ba, sai ya mai da hankali kan gyaran aikin 'yan sanda da kotuna. An rataye huɗu daga cikin masu laifin a watan Maris na 2020, fyaɗe kuwa bai ƙare a Indiya ba. Tun a 1764 masanin shari'a na Italiya, Cesare Beccaria, ya yi bayanin cewa tabbacin kamu da hukunci ya fi tsananin hukuncin hana aikata laifi. Kowane ɗan kasuwa ya san haka. Mai fasa-ƙwauri ba ya tambayar shekara nawa ke rubuce a littafi, tambayarsa ita ce wa ke bakin shinge yau, kuma nawa yake karɓa. Saboda haka tsananin da nake kira gare shi a ƙasan hukunci yake, inda mai kuɗi ke sulalewa, da kuma a bakin ƙofofin da ake bi a kashe magana. Ga abubuwan da nake ganin ya kamata mu nema.

Da farko, Majalisar Tarayya ta gyara dokar 2015, mafi ƙarancin hukuncin fataucin baligi kada ya gaza shekara 10, na yaro kuma ya yi daidai da na ɗan fashi, watau shekara 21. Tara kuwa a daina rubuta ta da adadin da faɗuwar Naira za ta cinye, a ɗaura ta a kan abin da mai laifin ya tara, a ƙwace gidaje da motocin da aka saya da kuɗin, a zuba a asusun waɗanda aka cuta, wanda dokar ta riga ta tanada, a kuma riƙa buga lissafinsa kowace shekara kowa ya gani. Lauyoyi za su ce wannan ɗaure hannun alƙali ne. Na'am, haka ne, kuma da gangan. Hannun da aka bari a sake shi ne wanda ake cusa wa ambulan. Babbar Kotun Kano ta nuna ana iyawa a watan Yuli na 2021, sa'ad da ta yanke wa jagoran masu satar yaran nan ɗaurin shekara 104.

Na biyu, ma'anar fyaɗe da mafi ƙarancin hukuncinsa su zama iri ɗaya daga Sakkwato har Kalaba, a kuma soke duk wani ƙa'idin wata biyu. Na uku, sulhu a kan fyaɗe ya zama laifi mai ɗauri. Ɗan sanda, ko mai unguwa, ko dagaci, ko shugaban makaranta, duk wanda ya shiga tsakani don a kashe magana, ko ya matsa wa iyaye su janye ƙara, a gurfanar da shi tare da mai laifin. Na huɗu, jami'in gwamnati da aka samu da hannu, ko na shige da fice ne, ko soja, ko mai kula da sansani, hukuncinsa ya ninka na farar hula, domin shi laifi biyu ya yi, har da cin amana.

Na biyar, a ba doka kayan aiki. Sashe na 209 na dokar shaida ta 2011 ya ce ba a ɗaure mutum da maganar yaron da bai kai shekara 14 ba ita kaɗai, sai an sami wata hujja mai ƙarfafa ta. Wannan hujja a asibiti take, kuma cikin 'yan kwanaki take ɓacewa, kamar yadda maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake son a fara shi cikin awa 72. Cibiyar farko ta kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, watau Mirabel, a 2013 aka buɗe ta a Ikko. Muna son irinta a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, gwaji da takardar likita kyauta, da kotuna na musamman masu sauraron yara a keɓe, da wa'adin da ba za a wuce ba kafin a yanke hukunci. Rajistar masu laifin fyaɗe da aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2019 kuma ta zama tilas a duba ta kafin a ɗauki kowa aikin koyarwa.

Na shida ya shafe mu kai tsaye. A watan Disamba na 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Ife shekara biyu saboda neman lalata da ɗalibarsa don ya ba ta maki. A watan Oktoba na 2019 BBC ta fallasa irin wannan ta'asa a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. A watan Yuli na 2020 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga malamin da ya yi haka, amma har Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai zama doka ba. Muna girmama malamanmu, kuma mafi yawansu mutanen kirki ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Malamin kirki ba shi da abin tsoro a cikin irin wannan doka, wanda ya ji tsarguwa kuwa shi ya san dalili.

Ya ku 'yan'uwana, an daɗe ana kiranmu manyan gobe. A cikinmu akwai alƙalan gobe da lauyoyi, da likitocin da za su rubuta takardar gwaji, da manyan 'yan sandan da za a kawo wa ƙara. Mun sha fita zanga-zanga a kan kuɗin makaranta da ruwa da wuta, kuma muna da gaskiya. Ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta ɗauki wannan al'amari da irin wannan zafin. Ta rubuta waɗannan buƙatu ta kai wa Majalisar Dokokin Jiha da hannunta, ta nemi a ba ta rana. Ɗaliban shari'a su fassara dokokin nan da Hausa, mu tafi da su garuruwanmu lokacin hutu mu karanta wa iyayenmu. A kafa kwamiti a cikin ƙungiya, mai mata a cikinsa, inda ɗaliba za ta kai kuka ba tare da tsoron faɗuwa jarrabawa ba. Kowannenmu kuma in ya koma gida, ya tambayi shekarun yarinyar da ke wanke masa kwano, ya tambayi wa ke karɓar kuɗinta, ya kuma tambayi dalilin da ya sa ba ta zuwa makaranta. Wanda ya kasa yin wannan tambaya a gidan ubansa, ba zai iya yin ta a gaban gwamna ba.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da tsayawa a kanta, amin.